Man bak azil ba a zaɓensa da yatsa

Ƙannena masu tuƙa Hilux da bas da tsofaffin 504, har yau ina ganin yadda kuke gwada man giya, a dangwala yatsa a murza, in ya yi kauri a ce ai wannan shi ne mai kyau. Ni ma haka na daɗe ina yi, na awo nake saye a bakin titi wajen Kwangila, a zuba min a gorar ruwa ba suna ba lamba, ga arha, kuma da shi nake lodin rake daga Maƙarfi. Sai motar ta fara kuka ta baya, wani wuuu da yake ƙaruwa in na taka totur ya lafa in na saki, ni kuma na ɗauka taya ce na ci gaba da harkata. Ranar da bakanike a Sabon Gari ya kwance kusar ƙasa ta tsiyaye man bak azil, maganaɗisun jikinta ya cika dam da garin ƙarfe, ya shafa min a tafin hannu yana ƙyalli ya ce Malam ga haƙoran motarka nan. Dole na nemi wani bak azil ɗan Beljiyam.

Abin da ban sani ba lokacin shi ne, haƙoran difarenshal, wato giyar da ke cikin bak azil, ba juyawa kawai suke yi ba, gugar juna suke da matsi mai tsanani, shi ya sa ake sa wa mansu sinadarin farar wuta, wannan warin da kuke ji in an buɗe galan shi ne maganin. To ku duba jikin galan ku ga an rubuta GL-5, shi ne na bak azil. GL-4 yawanci na giyabos ɗin manuwal ne, don GL-5 na iya cin zobban tagullar da ke cikinsa. Baƙin man inji kuwa kar ma ku soma, ko wa ya ce muku duk mai mai ne.

Kauri lamba ce ba yatsa ba, 80W-90 ya ishi yawancin motocinmu, 85W-140 na masu lodi mai nauyi ne cikin zafi, amma littafin motarka shi ne alƙali, in kuma taka mai LSD ce, wato difarenshal mai rage zamewar taya, sai ka nemi wanda aka rubuta LS. Masu Golf da Corolla ku naku yana haɗe da giyabos, wannan zancen daban ne.

In za a canja, ka tsaya a kai, ka sa a fara kwance kusar sama ta zuba mai kafin ta ƙasa, don in aka tsiyaye man ta saman ta ƙi kwantuwa kun kwana a gareji. A zuba har sai ya fara dawowa ta bakin ramin saman, motar na tsaye a daidai. Da damina kuma in ka ratsa ruwa ya kai cikin mota, ka sa a leƙa, in man ya koma ruwan madara to ruwa ya shiga, a zubar da shi a ranar.