Garin gero ba ya aikin fulawa

Ƙannena masu sha'awar gashin burodi a gida, tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 domin gero da danginsa, kowa ya ɗauki haramar yin burodin acca, gero ko dawa zalla. Ni ma na bi sahu, kuma na yi asarar gari mai yawa kafin in gane bakin zaren.

Tsarin burodin fulawa na ɗauka yadda yake, na zuba garin gero a madadinta, na sa yis na rufe. Kwaɓin ya ɗan kumbura, amma yana shiga wuta ya zauna, ya fito da nauyi, wuƙa na taɓa shi yana marmashewa. Na daɗe ina ɗora wa yis laifi. Ashe alkama, wadda da ita ake yin fulawa, ita ce ke da sinadarin gulutin, wanda ke ba kwaɓi danƙo har ya riƙe iskar da yis ke fitarwa. Gero, dawa, acca da tamba ba su da shi ko kaɗan, ko kun kwana kuna murzawa danƙo ba zai zo ba.

Don haka ku fara da kofi uku na fulawa, ɗaya na garin gero ko acca. Abin da ya fi taimaka mini kuwa tsohuwar dabarar iyayenmu ce: ku dama garin geron da tafasasshen ruwa kamar talgen tuwo, ku bari ya huce sosai don zafi yana kashe yis, sannan ku haɗa da fulawar. Burodin zai yi laushi, kuma ba ya saurin bushewa.

Kada ku niƙa gero da yawa ku ajiye. Yana da maiƙo, cikin 'yan kwanaki garin yake canza wari ya koma ɗaci, musamman da bazara. Na taɓa niƙa tiya guda, rabi kaji suka cinye. Acca kuma sai an rege ta da kyau a ƙwarya, a shanya ta bushe ƙayau kafin a kai inji, in ba haka ba yashi zai yi ta ƙaras-ƙaras a haƙori. Ku tambayi mai injin abin da ya niƙa kafin naku, kada yaji ya bi ku gida.

Inda hatsin nan ke nuna kansa shi ne biskit mai gishiri, tun da ba a neman ya tashi. Ina ma a ce daga nan na fara. Kofi biyu na garin hatsin zalla ba fulawa, cokali uku na man gyaɗa, gishiri, riɗi, sai ruwan zafi kaɗan-kaɗan har ya haɗe. Ku murza shi siriri, ku huhhuda da cokali mai yatsu, ku yanka, ku gasa a zafin digiri 170. Mai tukunya da yashi a ƙasa ya rage garwashi, ya riƙa dubawa, don gefe yana saurin ƙonewa. In dawa ce, farfara ta fi. Ja tana da bauri.

Idan kuma akwai wanda likita ya hana wa alkama a gidanku, burodin haɗin nan ba nasa ba ne. Biskit ɗin za ku yi masa, da garin da ba a niƙa a injin alkama ba.