Sai an ajiye kuɗi tukuna

Yau da hantsi na kai Hajiyarmu awon jini wani asibiti a nan Kaduna, sai ga wasu samari a guje ɗauke da ɗan'uwansu, mota ta buge shi wajen gadar Kawo. Mai ba da kati ya ce sai an ajiye kuɗi tukuna. Yayan yaron ya hau laluben aljihu hannunsa na rawa, ya zube 'yan canji da mukullin babur ɗinsa a kan tebur, yana cewa, "Don girman Allah Malam, a riƙe wannan." Sai wata dattijuwar nas ta leƙo ta ce, "Shigo da shi ɗana, a yi maganar kuɗi daga baya." Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Abin da ya tsaya min a rai, bawan Allahn nan haƙƙinsa yake roƙo. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa bisa kowane dalili. Wanda ya ƙi, tarar naira 100,000 ce, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Wanda aka harba ma, tun 2017 doka ta ce a fara ceton ransa, ba sai an kawo takardar 'yan sanda ba. Amma duk layin namu babu wanda ya ɗaga murya, kowa sai salati. Ni dai ina ma a rubuta sashen nan da Hausa, boko da ajami, a manna a ƙofar kowane asibiti a jihar nan.