Wata tara a ƙasan jirgin masu shaƙatawa

Da na gama kwas a jami'ar harkokin jiragen ruwa da ke Nungua a Accra, na dawo unguwarmu Nima na gaya wa Hajiyarmu na samu aikin wanki a jirgin ruwan 'yan yawon shaƙatawa. Ta dube ni ta ce, "Kai da ko kwalekwalen masuntan Jamestown ba ka taɓa hawa ba?" Da gaskiyarta.

Ranar farko sau uku ina ɓata. Bene ne kan bene: can sama tafkunan ninkaya, gidan kallo, gidajen abinci, shagunan agogo da turare. Namu ma matsakaici ne, tunda Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024 tsawonsa mita 365 ne, hawa 20, yana iya ɗaukar fasinja 7,600.

Mu muna ƙasa. Akwai wata doguwar hanya daga goshin jirgin har bayansa, ma'aikata na kiranta I-95, sunan wani babban titin Amurka. Ta nan ake tura kayan miya, shara, akwatuna da zannuwan gado, da safe cunkosonta sai ka ce kasuwar Nima. Baƙo zai yi mako guda bai san da ita ba, kuma da gangan aka tsara haka.

Ruwa ne ya fi ba ni mamaki. Ni da na tashi da ɗaukar galan ɗin Kufuor, wato jarkar ɗebo ruwa, sai ga injinan wanki suna shan ruwa dare da rana. Daga teku ake jansa, a matsa shi ta matata mai raba shi da gishiri, ko a tafasa shi da zafin inji a tari tururin.

Kwana biyu na yi ina amai. Jirgin yana da wasu fikafikai a ƙarƙashin ruwa masu rage tangaɗi gefe da gefe, amma ba sa hana goshinsa ɗagawa da faɗuwa. Tsakiyar jirgi, hawan ƙasa, nan ya fi natsuwa. Wato wasu ɗakunan tsada na can sama sun fi namu jijjiga, abin da har yau yake ba ni dariya.

Alƙibla kuma ba ta zama wuri ɗaya. Ƙarfen jirgi yana ruɗa kamfas ɗin waya, sai na koma duba taswirar talabijin da ke nuna inda muka dosa kafin in tayar da salla.

Atisayen ceto da farko raini na yi masa. Wani dattijon ma'aikaci ya tuna mini Costa Concordia, wanda ya kife a gaɓar Italiya a 2012, mutum 32 suka mutu. Bayan nan ne aka wajabta nuna wa fasinja wurin taruwa kafin jirgi ya tashi, ko da zarar ya tashi. Tun ranar, ƙofar tare ruwa, wadda ke hana ruwa wucewa wani sashe in jirgi ya huje, in ta fara rufuwa ba na gigin kutsawa.

Yanzu ƙanena ya matsa sai ya je. Na ce ya fara neman takalmi mai taushin ciki, ya kuma roƙi Hajiya ta daka masa yaji.