Ranar da uban gida ya zama uwar gida

Talata, sha ɗaya ta wuce.

Yau na yage shafi huɗu daga littafin da nake tsara duniyar Lumsawa a ciki, kuma na ƙarshen ne kaɗai ya yi mini ciwo. Wata uku ke nan ina fama da halittun nan da na ƙirƙira don labarina. Na ba su teku mara zurfi, na gina musu garuruwa a kan duwatsun da ruwa ke rufewa ya janye, har waƙar makoki na tsara musu. Amma da na zo kan maganar gida, wa ke auren wa, wa ke riƙon yara, sai alƙalami ya cije.

Da hantsi ƙanwata ta ɗauki littafin ba tare da ta tambaye ni ba, kamar kullum. Ta karanta babin da na ce matan Lumsawa ke yaƙi da sarauta, maza kuwa suna gida da yara. Ta ajiye, ta ce, "Yaya, ai waɗannan mu ne. Riga kawai ka juya ciki waje, ka ƙara musu wutsiya." Na yi ta kare kaina har ta gaji ta fita. Da ɗakin ya yi tsit na sake karantawa, na ga ba ƙarya ta yi ba. Wancan babin ne shafi huɗun.

Kuskurena shi ne na fara daga kujerar mulki, alhali daga ƙwai ya kamata in fara. Wani masanin halittu, Robert Trivers, ya yi bayani a 1972 cewa yawan wahalar da kowane jinsi ke zubawa a kan ɗa ita ce ke juya sauran al'amura, har da wa ke nema, wa ke zaɓe. Giwa tana ɗaukar ciki kusan wata 22, garken kuma tsohuwar mace yake bi, mazan da suka girma su kama gabansu. A wurin dokin teku, ɗan kifin nan mai kai irin na doki, mace ce ke zuba ƙwai a cikin jakar da ke cikin namiji, shi ya yi goyon ciki ya haifa. Duka na san su, babu wanda ya motsa ni.

Wanda ya kama ni shi ne ɗan kifin da masana ke kira Amphiprion, mai ruwan lemo da fararen zane, wanda ke fakewa a jikin wata halittar teku mai harbi. A gidansu mace ɗaya ce tak, ita ce mafi girman jiki. Mai bi mata shi ne mijin, shi ke gadin ƙwai yana yi musu fifita har su ƙyanƙyashe. Sauran ƙanana ne, ba sa haihuwa, jira kawai suke. In macen ta mutu, sai mijin ya rikiɗa a hankali ya zama mace, babba a cikin masu jira ya zama miji, kowa ya matsa gaba taki ɗaya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne binciken Peter Buston a tekun Papua New Guinea, wanda ya fito a 2003: kowane kifi yana taƙaita girmansa, ya tsaya wajen kashi 80 cikin ɗari na tsawon wanda ke gabansa, don kada a gan shi a matsayin barazana a kore shi.

Nan na ture kujera na miƙe tsaye. In aka ba irin wannan halitta hankali da harshe da kunya, ai cin abinci ya zama siyasa. Balumsen da ya ƙara loma gaban na sama da shi, ya faɗi abin da ke ransa ke nan ba tare da ya buɗe baki ba. Sai na rubuta cewa a ƙofar kowane gida akwai ginshiƙin dutse mai tsage-tsage, sau ɗaya a shekara kowa ya jingina a auna shi, dattawan unguwa suna kallo. Na rubuta cewa babban zagi a wurinsu shi ne a ce da mutum "na ga ka yi kyau", domin ma'anarsa ka fara ƙiba, kana jiran mutuwar wani. Mai ladabi yakan tashi da sauran yunwa, ya bar abin da ya rage a fili yadda kowa zai gani. Munafuki kuwa yakan ci a ɓoye, amma ginshiƙi ba ya karɓar rantsuwa.

Bayan la'asar na ci karo da matsala. In masu jira 'ya'yan gidan ne, wata rana ɗa zai zama mijin wanda ya rene shi. A wurin kifin babu wannan damuwa, domin ruwa ke kwashe 'ya'yan tun suna ƙanana, masu jira baƙi ne da suka zo daga wani wuri. Amma halitta mai hankali tana buƙatar doguwar yarinta, sai an koya mata magana da sana'a. Na raba gardama: yaro zai zauna gida shekara 15, sannan a raka shi wani gida ya kama ƙarshen layi. Ke nan ɗa ba ya gadon iyayensa ko tsinke, baƙon da ya yi haƙuri ne ke gado. Gatan da za su iya yi masa ɗaya ne, su samo masa gida mai gajeren layi da tsohuwar uwa. Ina iya jin irin gulmar da za a yi a wajen wannan ciniki.

Abin da ban yarda in yi ba shi ne in bar jiki ya yanke musu komai. Masu hankali ne, dole a samu wanda ya ƙi. Na riga na ga tauraron labarin: miji ne da ya shekara 30 yana gadin ƙwai, ya iya, yana so, matarsa ta rasu, jikinsa ya fara sauyawa tun makoki bai ƙare ba. Ba ya son sarautar gida. Ya daina cin abinci don ya tsayar da sauyin, su kuma biyar da ke bayansa sun tsaya cak, babu mai matsawa sai ya matsa. Wasu za su ce amana ce, wasu za su ce son kai.

Da dare na gwada rubuta zuwan ɗansa gaisuwa, sai Hausa ta riƙe mini hannu. Ba ta bari ka yi wa mutum ɗaya magana sai ka zaɓa, kai ko ke, ka ko kin. Yaron ya tsaya a ƙofa, ya ga kafaɗun da suka faɗaɗa, ya ji muryar da ta canza. In ya ce "ke", ya binne mahaifiyarsa karo na biyu. In ya ce "kai", ya ƙaryata abin da idonsa ke gani. Na fara sa shi ya fake da jam'in girmamawa, "kun wuni lafiya", sai na ga hanyar gudu ce mai sauƙi, kuma uban zai gane gudun ne.

Na kai wa ƙanwata ta karanta a tsaye. Ba ta yaba ba, ba halinta ba ne. Cewa ta yi, "To shi na ƙarshen layi, wanda ya san zai tsufa ba a zo kansa ba, me ke tashinsa da safe?" Na rubuta tambayar a saman sabon shafi, na ja mata layi biyu. Yaron kuma yana nan a ƙofa inda na bar shi, bai ce komai ba tukuna.