Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Azumi a bakin murhu

Salama a gare ku 'yan uwa. Makon jiya na tsaya ne a inda na koma sayar da abinci a bakin tasha a Zariya bayan rasuwar baban yara, to yau zan ɗora daga azumin 2025, na farko da na yi babu shi.

Larabar Toka, ranar da mu Kirista muke fara azumin kwana arba'in kafin Ista, ta kama 5 ga Maris. Fada ya shafa mana tokar ganyen dabinon bara a goshi yana cewa ka tuna kai turɓaya ne, ga turɓaya kuma za ka koma. Tun ina yarinya a ƙauyenmu wajen Malumfashi nake jin maganar nan amma ran nan ta shige ni daban, don ƙasar kabarin mijina ko ciyawa ba ta fito a kai ba.

Ikilisiyar Katolika dai ba ta ɗora mana kaya mai nauyi ba. Azumin dole kwana biyu ne, Larabar Toka da Juma'a Mai Kyau (ranar tunawa da gicciye Yesu), ga mai shekara 18 zuwa 59, sai barin nama duk Juma'a daga shekara 14, sauran kuwa tsakaninka da Ubangiji ne. Ni na ɗaukar wa kaina ba zan sa loma a baki ba sai ƙarfe uku na rana, lokacin da Yesu ya saki ransa a kan gicciye, ban da Lahadi tunda ba a lissafa ta cikin kwana arba'in ɗin.

Da farko abin ya zo da sauƙi, don 'yan uwanmu Musulmi sun ɗauki nasu azumin tun 1 ga Maris, tasha ta yi tsit da rana, kowa baki a bushe, girki ma sai yamma nake ɗorawa. Hajiya maƙwabciyata kullum sai ta aiko yarinya da kunun tsamiya da ƙosai in an sha ruwa, ta ce a kai wa maman yara ita ma tana azumi. Allah ya saka mata.

Amma fa aka yi sallah 30 ga Maris, mu kuma Ista sai 20 ga Afrilu, nan ne na san ina azumi. Direbobi da 'yan kamasho suka dawo da yunwarsu tun safe, wannan a zuba masa shinkafa da miya nama biyu, wancan tuwo da miyar kuka a ƙara man shanu, ni ina tsaye kan murhu cikin zafin bazara ga hayaƙi ga ƙamshin miya yana dukan hancina, ko gishiri sai dai 'yata ta ɗanɗana min. Juma'ar bayan sallah Hajiya ta aiko da soyayyar kaza, na karɓa hannu biyu na yi godiya, ƙaramin ya ci rabonsa tunda bai kai shekaru ba, nawa na rufe sai Asabar.

Akwai ranar da jiri ya ɗebe ni har na zauna kan kujerar tsugunno, na ce wa surukata Inna anya zan kai kuwa? Ta ce 'yar nan sha ruwa, Allah bai ce ki kashe kanki ba, amma kar ki ajiye abin da kika ɗauka don rana ɗaya ta yi miki zafi, wanke fuskarki ki koma, ba Matiyu 6 ta ce kar mu ɓata fuska don mutane su gani ba? Na sha ruwan, na koma kan tukunya har uku ta yi.

Abin da ya riƙe ni gaskiya addu'ar Hanyar Gicciye ce da muke yi duk Juma'a da yamma. Wurin tsayawa goma sha huɗu, a uku daga ciki Yesu faɗuwa yake yi kuma ya tashi da gicciyen a kafaɗa, ni kuwa in muka durƙusa a nan hawaye ba ya tsaya min. Sai kuma kwanon shinkafa. Duk safiya abin da zan ci da a ce ba na azumi, ɗanye nake auna shi in zuba a wani buhu daban, don Ishaya 58 ta ce azumin da Ubangiji yake so shi ne ka raba abincinka da mayunwaci. Ni ban yarda da azumin da kuɗin abincin zai koma aljihunka ba, wannan tsimi ne kawai. Buhun nan wata tsohuwa makauniya a cocinmu muka kai wa ni da matan Zumunta.

Na ɗauka yunwa ce babbar jarabawar, ashe tana tafe. Ranar Lahadin Dabino, 13 ga Afrilu, muna fitowa daga coci da ganye a hannu sai ga ƙanen mijina a ƙofar gida, wanda ya ƙwace mana gona tun ba a share makoki ba, wai ya zo neman gafara. Yadda muka ƙare da shi sai mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu, ku sa ni da yaran cikin addu'a.