Inna Malama, da tambayoyin da ban yi mata ba

Ana saura kwanaki Babbar Sallah ɗan ƙanwata ya kira ni daga Abuja: "Kawu, na tura wa Umma kuɗin rago, bana ba sai na zo ba, aiki ya yi yawa." Uwarsa tana Rigasa, daga tsakar gidanta ana jin ƙarar jirgin ƙasan da yake zirga-zirga tsakanin Abuja da Kaduna tun 2016. Na kasa ce masa komai, don maganar nan ta sha fita daga bakina.

Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, malamar firamare ce. Ta fara koyarwa da takardar Grade II a 1976, shekarar da aka ƙaddamar da UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, ana ta lallashin iyaye su saki 'ya'yansu zuwa boko. A Kakuri muke lokacin, Baba yana aikin masaƙa, ajinta kuma cike da 'ya'yan ma'aikata: Hausawa, Bajju, Gbagyi, Yarbawa, Tibi. Rikicin addini na Fabrairun 2000 ya tsallako da mu kogin Kaduna zuwa Tudun Wada, ba a jima ba masaƙu suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. Albashinta ne ya riƙe gidan.

Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana, ba ma doguwar hira. Da na samu aiki a Legas sai na fake da wannan kunyar. Duk ƙarshen wata ina aika kuɗi, in kira ta mu gaisa, ta ce "Allah ya yi albarka, kada ka wahalar da kanka da hanya," ni kuma in karɓi maganar hannu biyu. Na san ba haka take nufi ba. Wace uwa ce za ta ce wa ɗan fari tana kewarsa?

Amma a yi mini adalci. Wa zai sayi maganin hawan jini? Fansho ba ya zuwa kan lokaci, ƙannena uku suna makaranta, kuma babu mai ba ka hutu don kana son ganin tsohuwa. Da na baro aikin na dawo na zauna gabanta, da me za a ɗora tukunya? Har gobe ina ganin ban yi laifin neman halak ba. Sai dai akwai hutun da na samu na zauna a Legas ina barci, wannan ba ni da abin cewa a kansa. 'Ya'yan ƙannena a kan tabarmarta suka koyi haɗa baƙi, tana kiran mazan angwayenta, matan kishiyoyinta, ana tsokanar juna har dare. Nawa 'ya'yan muryarta kawai suka sani a waya.

A zaman makokinta na san wace ce uwata. Mutane suka yi ta tsallako gada daga Barnawa da Narayi da Sabon Tasha, wasu da furfura, kowa "Malama ce ta koyar da ni." Wata mata ta durƙusa tana kuka, ta ce Inna ta yi ta sintiri gidansu har mahaifinta ya fasa cire ta daga aji shida, ita ta ɗinka mata kayan makaranta. A bakin baƙuwa na ji wannan. Ban taɓa zama na tambaye ta yadda ta shawo kan nata mahaifin ba, ko abin da ta ji ranar da muka baro Kakuri ta bar ɗalibanta a ƙetaren kogi.

Na so in jero muku shawarwari masu yawa, amma da na zo rubutawa sai suka ƙanƙance. Ku je gida. Ba sai Sallah ba, ba sai an ce jiki ya yi tsanani ba. In kun je, ku ajiye wayar nan. Ina ganinku, yaro ya zo gaida kakarsa, ya zube a kujera, kai a sunkuye, tana magana yana "uhm, uhm." Wallahi yana ƙona mini rai. Mu da ba mu da jirgi ba mu da WhatsApp mun yi sakaci, ku kuma me za ku ce?

Kuma duk da na ce a ajiye waya, ku ɗauko ta ku naɗi muryarta. Ku tambaye ta sunan malaminta na farko, da yadda aka yi aurenta, da wanda ta taimaka bai dawo ba. In ta ce "me za ka yi da shi?" ku nace, kunya ce. Kuɗin ma kada ku fasa aikawa, magani ba kyauta ba ne. Amma ranar da ta ce muku kada ku wahalar da kanku da hanya, ranar za ku nemi mota.