Yi wa kalifar birki fenti a gida ba tare da an taɓa lafiyar birkin ba

Tun da rim mai manyan tagogi ya yawaita a motoci, abin da ke ɓoye a bayan taya ya fito fili. Kalifa ita ce ƙarfen nan da ya rungumi faifan birki, mai fistin a cikinsa da ke matse takalman birki idan an taka feda. A yawancin ƙananan motoci da zubin ƙarfe ake yin ta, shi ya sa bayan 'yan shekaru na damina da ƙura za ka ga ta yi jawur da tsatsa, ta ɓata kyan rim komai tsadarsa. Fenti ba ya ƙara wa birki ƙarfi ko kaɗan. Amfaninsa shi ne ya tare tsatsa, ya sa wanki ya yi sauƙi, ya kuma ƙawata mota. Aikin na yini guda ne, sai kwana guda na bushewa. A cikin yinin nan, shafa fentin kansa ba zai ci awa ɗaya ba, sauran lokacin duk na gogewa ne da rufe wuraren da bai kamata fenti ya taɓa ba.

Fentin gwangwani da ake fesa wa ƙofa ko keke ba zai yi ba. Kalifa tana ɗaukar zafi sosai, musamman a cunkoso ko a doguwar gangara, kuma irin wancan fentin yakan yi taushi, ƙurar birki ta manne masa, daga baya ya kumbura ya ɓare. Nemi wanda aka rubuta a jikinsa cewa na kalifa ne. Na kamfanin Dupli-Color yana jure zafi har digiri 260 a ma'aunin Salsiyos, na VHT kuwa har wajen 480. Akwai kuma na shafawa da burushi, irin na G2 da Foliatec, wanda ke zuwa kashi biyu, fenti da sinadarin da ke sa shi ƙarfi, sai ka haɗa su kafin ka fara. A ganina wannan ya fi dacewa da wanda zai yi aikin ba tare da ya cire kalifa daga mota ba, domin ba ya tashi a iska, kuma yana kwanciya da kauri ya cike ƙananan ramukan ƙarfe. Matsalarsa ɗaya ce: da zarar ka haɗa shi, awanni kaɗan gare ka kafin ya daskare a cikin gwangwani, saboda haka kada ka haɗa sai duk kalifar ta gama shiryuwa. Idan na fesawa ne, gwangwani ɗaya ya isa kalifa biyu a wadace, huɗu kuwa ka sayi biyu.

Launi zaɓinka ne. Ja shi aka fi so saboda kamfanin birki na Brembo da motocin tsere, Porsche kuma tana sa ruwan ɗorawa a motocinta masu birkin yumɓu. Amma ƙaramar kalifa mai fistin ɗaya ta fi kyau da baƙi ko ruwan azurfa, kuma waɗannan ba sa tona datti kamar ruwan ɗorawa ko fari.

Sauran kayan su ne jak, da ƙafafun ƙarfe na tokare mota, da burushin waya, da samfefa mai lamba 220 da 320, da gwangwani biyu na ruwan wanke birki, da salatif na masu fenti, da tsofaffin jaridu ko leda, da tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, da safar hannu da takunkumi da gilashin kare ido.

Ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri, cikin inuwa, ka bar birkin ya huce sarai. Sassauta notikan taya tun tana ƙasa, sannan ka ɗaga, ka zaunar da motar a kan ƙafafun ƙarfe, ka sa wa tayoyin da ke ƙasa waigi. Kada ka amince wa jak shi kaɗai, kada kuma ka ɗora mota a kan bulo, domin bulon siminti yana fashewa ba tare da ya ba da sanarwa ba. Tura tayar da ka cire ƙarƙashin motar ta zama kariya ta biyu.

Hanya uku ake bi. Ko ka bar kalifar a mazauninta ka rufe kewayenta, ko ka kwance ta ka bar tiyon mai a haɗe, ko ka cire ta gaba ɗaya. Ta tsakiyar ita ce ta fi wa mai yi a gida. Ka kwance ƙusoshi biyu da ke bayan kalifa, ka zare ta daga kan faifan, ka cire takalman birki ka ajiye su gefe kana lura da wanda yake ciki da wanda yake waje. Sai ka rataye kalifar da waya a jikin sifirin. Kada ta yi lilo a kan tiyonta ko na minti ɗaya, domin nauyinta yana iya lahanta tiyon ta ciki inda ido ba ya gani. Muddin kalifa tana rataye, kada kowa ya taka fedar birki, in ba haka ba fistin zai fito waje, mai ya zube. Idan akwai yara a gidan, kulle motar ka sa makulli a aljihu. Cirewa gaba ɗaya ta fi ba da kyakkyawan aiki, amma dole a yi bilidin, wato fitar da iskar da ta shiga cikin man birki, bayan an mayar, a kuma sauya ƙananan zobban jan ƙarfe guda biyu da ke bakin tiyo. Wanda ya bi wannan hanyar ya kula kada ya musanya ta hagu da ta dama: ɗan bakin da ake fitar da iska dole ya kasance a sama, in ya koma ƙasa iska ba za ta taɓa fita ba, feda za ta yi ta lumewa.

Kafin ka taɓa burushi, duba kalifar da kyau. Idan akwai danshin mai a kewayen fistin, ko robar da ke rufe shi ta yage, a fara gyara wannan. Man birki na DOT 3 da DOT 4 yana cinye fenti, ɗigo ɗaya ya isa ya tayar da shi, kuma kalifa mai yoyo haɗari ce ko da fenti ko babu.

Gogewa ita ce zuciyar aikin. Baƙin dattin da ke jikin kalifa cakuda ne na ƙurar takalmin birki, da garin ƙarfe, da maiƙo, wanda zafi ya gasa shekara da shekaru. Fara da fesa ruwan wanke birki don ƙurar ta jiƙe ta kwanta. Kada ka hura ta da baki ko da injin iska, domin wasu takalman birki masu araha suna ɗauke da asbestos, wani ma'adini mai zare-zare, kuma shaƙarsa yana lalata huhu. Sai ka bi da burushin waya lungu-lungu, har tsatsar da ke ɓarewa ta ƙare, ƙarfe ya fara nuna launin toka. Bi da samfefa 220, ka gama da 320. Ba sheƙi ake nema ba, ɗan kaushi ake so wanda fenti zai kama. Idan kalifar ta alminiyon ce, sassauta hannu, domin burushin waya mai ƙarfi yana yi mata zane mai zurfi. Kusa da roba kuwa, ajiye burushin ka yi da yatsa da ɗan guntun samfefa. Daga nan ka sake wankewa sau biyu ko uku, kana gogewa da farin tsumma. Lokacin da tsumman ya fito fari, to ka gama. In ya fito da toka-toka, da sauran aiki. Bayan wankin ƙarshe kada hannu tsirara ya sake taɓa ƙarfen, domin maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya hana fenti kamawa.

Mutane da yawa kan wanke da fetur ko kananzir saboda sun fi araha. Kananzir yana barin maiƙo, kuma dukansu biyu suna kumbura robar birki su lalata ta. Wannan tsimi ne da ke ƙarewa a sayen sabuwar kalifa.

Yanzu sai rufewa. Fenti na jikin kalifa ta waje ne kawai da gefunan da ake gani ta cikin rim. Bai kamata ya taɓa faifan birki ba, ko takalman, ko fuskar fistin da robarsa, ko ƙusoshin da kalifa ke zamewa a kansu da robobinsu, ko ɗan bakin bilidin da ake fitar da iska, ko tiyo, ko wayar ABS, na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki. Haka nan hanyoyin da kunnuwan takalmin birki ke zirga-zirga a cikinsu, da wuraren da ƙarfe ke haɗuwa da ƙarfe a ƙarƙashin ƙusa. Kowanne da dalilinsa. Fenti a kan hanyar takalmi yana matse shi ya kasa komawa baya, sai birki ya riƙa kamawa, taya ta yi zafi, takalmi ɗaya ya cinye kafin ɗan'uwansa. Fenti a ƙarƙashin kan ƙusa yana laushi idan ya ji zafi, ƙusar da ka ɗaure tam ta saki. Ɗan bakin bilidin kuwa in ya toshe, ranar da bakanike ya zo buɗe shi yana iya karyewa a ciki. Lulluɓe faifan da leda, ka zagaye sauran da salatif, ka danne bakinsa da farce. Idan fesawa za ka yi, rufe har jikin motar da ke kusa, domin feshi yana tafiya nesa fiye da yadda ake zato.

Girgiza gwangwanin minti biyu cikakku bayan ka fara jin ƙarar ƙwallon da ke ciki. Riƙe shi tazarar santimita 20 zuwa 25. Shafin farko ya zama sama-sama har kana hango ƙarfe ta cikinsa, na biyu ma haka, na uku ne zai ɗan yi kauri ya kawo sheƙi. Bar minti 10 tsakanin kowane shafi. Karanta bayan gwangwanin, domin wasu, kamar VHT, suna son a gama duk shafin cikin awa ɗaya, in ya wuce sai an jira kwana bakwai, idan ba haka ba sabon ya tayar da na ƙasa ya yi tamoji. Da burushi kuwa shafi biyu sun isa, kuma kada ka yi ta komawa kan wurin da ya fara kamawa, zanen burushin yana bajewa da kansa.

Yanayi yana da nasa hukunci. A tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke kai digiri 40, feshi yana bushewa a iska kafin ya sauka, sai ya fito da kaushi kamar yashi. Yi da sassafe. A hunturu ƙura ce abokiyar gaba, sai a cikin gareji, ka yayyafa wa ƙasa ruwa kafin ka fara. Ranar da hadari ya haɗu a damina, danshi yana sa fenti ya yi fari-fari ya rasa sheƙi, gara ka ɗaga aikin. Idan ka ga ƙananan ramuka kamar idon kifi, maiƙo ne ya rage a ƙasa. Idan ya zuba kamar hawaye, ka cika shi ne ko ka matso kusa. Maganin duka biyun ɗaya ne: bari ya bushe, goge da samfefa, wanke, sake shafawa.

Cire salatif tun fentin bai gama ƙarfi ba don kada ya ɓanɓaro gefensa. Bayan awa biyu zuwa uku ana iya harhaɗawa a hankali. Goge ƙusoshin zamewa ka shafa musu giris na silikon, ba baƙin giris na injin ba, wanda ke kumbura roba. Wanke faifan da ruwan wanke birki ciki da waje, amma zuba shi a tsumma, kada ka fesa kusa da sabon fenti. Ɗaure notikan taya tsallake-tsallake, da sifana mai awo in kana da ita. A awon sifanar, Corolla tana son 103 Nm, Accord 108.

Bar motar ta kwana. Kafin ka sa giya, taka fedar birki sau da yawa har ta yi tauri, domin takun farko bayan an mayar da kalifa yakan tafi har ƙasa ba tare da ya kama komai ba. Duba man birki, leƙa bayan kowace taya ko akwai ɗigo. Gwada a layin da babu mutane, a hankali, sannan ka ƙara gudu kaɗan kana takawa kana saki. Zafin birkin ne zai ƙarasa gasa fentin, kuma ɗan wari a ranar farko ba abin damuwa ba ne. Idan ka dawo, kai hannu kusa da kowane rim ba tare da ka taɓa ba. Wanda ya fi sauran zafi, takalminsa yana kamawa, sai a sake kwancewa a kankare hanyarsa. A makon farko ka hana masu wankin mota kai wa kalifar ruwa mai ƙarfi ko sinadarin wanke rim, ruwa da sabulu da soso mai laushi sun wadatar.